Garin Neman Gira: Wa Ya Gaya Wa 'Ya'yanmu Ba Su Da Kyau?



Wanda yake yini a kasuwa, kuma yakan ja salla a masallacin layi idan liman ba ya nan, kunnensa yana ɗaukar magana iri biyu. Akwai wadda ake yi da ƙarfi a bakin shago ana dariya: "Kai, 'yan matan yanzu! Fuska Fanta, ƙafa Coke." Akwai kuma wadda ake yi ƙasa-ƙasa bayan an sallame, mutum ya matso ya rage murya: "Malam, a sa mu a addu'a. Yarinyar wajena ta daina fita, ta daina cin abinci, sai kuka cikin dare, in an tambaye ta ta ce ba komai." Mun daɗe muna jin su biyun, kuma abin da muka fahimta shi ne sau da yawa magana ɗaya ce. Wadda ake yi wa dariya da rana ita ce ake nema wa addu'a da dare.

Ruwa ba ya tsami banza. Babu yarinyar da aka haifa tana ƙin fatarta, koya mata aka yi. Saboda haka a wannan fitowa masu koyarwar za mu sa a gaba: littafi da fim, bakin mutanen gida, da wayar hannu.

Mu fara da littattafan soyayya. Da can daga Kano ake sayo su cikin kayan 'yan kasuwa, yanzu kuwa a WhatsApp suke yawo, ana kuma karanta su da murya a YouTube, mata na saurare suna girki. Ba za mu ci haƙƙinsu ba, sun yi rana. Sun riƙe karatun Hausa a wajen yaran da aka haifa a Ibadan, waɗanda Yarabanci ya fi zama a bakinsu, kuma da yawansu sun taɓo auren dole da zaluncin miji da wulaƙancin saki, abubuwan da ake jin nauyin faɗa a fili. Amma a ɗauki guda goma a buɗe wurin da aka siffanta tauraruwar labarin. Kusan kullum yarinya ɗaya ce ake canza wa suna: fara sol, doguwa, mai siririn hanci da gashi har baya. Sannan sai an laƙaba mata kaka Balarabiya ko uwa Buzuwa don a nuna inda kyan ya samo asali, kamar dai Bahaushiya zalla ba ta isa a so ta ba. To a juya ga kishiya mai bin bokaye, ko 'yar aiki, ko uwar miji mai masifa. A nan ne marubuci yake tunawa akwai baƙar fata a duniya, da gajarta, da faffaɗan hanci. Baƙin fuska ya zama shaidar baƙin hali ke nan.

Wannan kasawa ce a wajen mai rubutu, tun kafin a kai ga maganar laifi. Wanda ya iya labari zai sa ka so mutum saboda abin da ya aikata da abin da ya furta. Wanda bai iya ba shi ne yake fakewa da launi, ya shafa wa nagari fari ya shafa wa mugu baƙi, don ya hutar da kansa aikin gina hali.

Fim ma haka. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun girma suna shan nonon finafinan Indiya. Aka ɗauko rawa da waƙa, aka haɗo har da idon da Indiyawa suke kallon kyau da shi. Ita kuwa Indiya tana da nata ciwon a kan launin fata. A can ne aka fito da man nan Fair & Lovely a 1975, ya yi shekara da shekaru ana tallarsa da cewa hasken fata shi ne hanyar miji da aiki, har sai da surutu ya yi yawa kamfanin ya cire kalmar da ke nufin fari daga sunan a 2020. Masu abin sun fara jin kunyarsa, mu da muka ara muna nan muna yayi. Sau nawa aka ga 'yar wasa ta shigo harkar da launinta na wankan tarwaɗa, bayan shekara biyu ta koma kamar an wanke ta da madara? Baƙi da gajere da mai ƙiba kuwa, an ware musu wurinsu: su ne 'yan ban dariya, su ne masu gadi, su ne ake zagi a yi shewa. Wanda ya kalli Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya san ana iya tara mutane iri-iri kamar yadda suke a kowace unguwa, kuma jama'a su zauna su kalla shekara da shekaru. Ashe ba dole ba ne, zaɓi ne.

Wani zai ce ai fim fim ne, kowa ya san wasa ne. A Kano ko Katsina wataƙila a faɗi haka a wuce, domin yarinya tana kashe talabijin za ta leƙa waje ta ga dubban Hausawa masu kama da ita. Mu a nan lamarin ya sha bamban. Unguwar nan ta haura shekara 100 da kafuwa, yaran da ke cikinta jikoki ne da tattaɓa-kunne, wasunsu ba su taɓa ƙetare gadar Jebba ba. Arewar da suka sani ita ce ta cikin allo. Idan allo ya ce ga yadda Bahaushiya take, yarinya ta ɗauki madubi ta ga ba haka take ba, me ake so ta fahimta? A makarantar boko a kira ta "mola", ta dawo gida wata gwaggo ta dube ta ta ce, "Ke kam ba ki yi kama da Hausawa ba, dangin uwarki kika ɗebo." Can ba ta shiga ba, nan ma an hana ta wurin zama. Wannan ciwo biyu ne a zuciya ɗaya.

Bakin gida kuwa ya fi allo dafi, domin shi ba a kashe shi. Tun ranar suna ake farawa. Mata su karɓi jaririya, kafin a ce Allah Ya raya an riga an murza kunnenta ana dubawa: "Wannan baƙa za ta yi, kunnen ya nuna." Ta taso a laƙa mata suna, Duna ko Baƙa ko Gajeriya ko Ƙashi-da-rai, har sunan yanka ya ɓace. A zaunar da ita da ƙanwarta a gaban baƙi ana gwadawa: "Wannan ita ce mai kyan gidan." Ana cewa wasa ne. To magana zarar bunu ce. Babba ya faɗa ya manta kafin la'asar, yarinya ta riƙe har ta yi jika. Idan aure ya zo, uwar ango ta aika a nemo wa ɗanta "fara", shi kuma saurayin yana zaune a majalisa yana cika baki wai shi fara ko mayya ce. Matar aure ta haihu uku, jikinta ya nuna wahalar da ta sha saboda gidan, maigida ya dube ta ya ce ta lalace, ko ya riƙa yaba wata a waya a gabanta. Washegari ta aika a sayo mata haɗi, sai kuma a ce mata ba su da godiyar Allah.

A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta riƙa shafa wa 'ya'yanta shida man bilicin har fatarsu ta ƙone ta yi tabo. Da aka tambaye ta dalili, ta ce mahaifiyarta ce take fifita 'ya'yan 'yar'uwarta masu hasken fata a kan nata. A duba da kyau. Hannun uwa ne ya shafa man, amma bakin kaka ne ya aike ta. Kuma duk ɗan Islamiyya ya san Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, Suratur Rum kuma ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Wanda ya kushe launin yarinya, ya tsaya ya yi tunanin aikin wa yake kushewa.

Sai waya. Da, yarinya da 'yan layinsu kawai take gwada kanta. Yanzu kafin ta yi barci ta ga fuska ɗari a TikTok da Instagram, kowace an bi ta da filta an goge ƙurji, an rage hanci, an ƙara haske. Ita ma mai hoton ba haka take ba in ka gan ta a fili. Masu ɗaukar hoton biki su ma sun shiga ciki: a kawo hoton amarya, uwar da ta haife ta sai ta duba sau biyu. Amarya ta rataye hoton a ɗaki, kullum tana kallon wata mata da ta fi ta kyau, wai kuma ita ce. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun binciken da kamfanin ya yi a ɓoye. A ciki an ga kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Masu abin sun san haka tun kafin mu sani.

To idan an gama sare wa yarinya gwiwa, kasuwa tana nan tana jira da kaya iri biyu: man fari da ƙwayar ƙiba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. A watan Fabrairun 2023, a Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi baya a 2016. Maƙwabtanmu ma sun daɗe da sanin abin, tun 1976 Fela ya yi waƙar Yellow Fever a kan masu bilicin. Doka ta yi, waƙa ta yi, amma ciniki bai tsaya ba, domin ba a taɓa abin da ke kawo mai saye ba.

Ya kamata kowa ya san abin da ke cikin robar nan, ko da an rubuta mata "oganik", ko mai haɗi ta rantse cewa karas ne da kurkum. Baƙin da ke fatarmu wani sinadari ne da ake kira melanin, laima ce da Allah Ya yi mana saboda rana. Abubuwa uku aka fi sa wa a mai don a kashe shi. Na farko haidurokwinon. Yana hana fata yin melanin, amma in an daɗe ana shafawa sai ya juya, ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da wuya wanda yake da wuyar magani. Na biyu sitiroyid, maganin da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki saboda ƙaiƙayi ko kumburi. Idan aka mai da shi man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsage jiki, ciwo ya ƙi warkewa, kuma yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku makuri, wanda iyayenmu ke kira zaiba. Shi ƙoda yake ci, yana taɓa jijiyoyi, yana kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa fargaba da ciwon damuwa da rikicewar hankali cikin illolinsa.

Ƙwayar ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe, mafi yawanta deksametason ce, ita ma sitiroyid, wani lokaci a haɗa da maganin mura mai buɗe ciki da sa barci. Abin da take kawowa kumburi ne: fuska ta yi zuru-zuru kamar faranti, ciki ya fito, ƙashi ya yi rauni. Ga rashin barci, ga saurin fushi, ga damuwa, wasu har tunaninsu ya rikice. An je neman ƙiba an samo rama.

Ka ga yadda abin yake zagayawa. Ciwon zuciya ne ya kai ta ga roba, abin da ke cikin robar kuma ya koma ya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan ta ce za ta daina, fatar ta yi zafi ta feso da ƙuraje ta koma baƙi fiye da da, mutanen da suka yabe ta jiya su ce, "Lafiya? Ciwo kika yi?" Sai ta koma. Kuɗin adashe ya tafi, jarin sana'a ya tafi, wata har bashi. Gaba tsoro, baya kunya.

Ga alamomin da iyaye za su lura da su. Yarinya ta daɗe gaban madubi tana taɓa wuri ɗaya a fuskarta, ko kuma ta ƙi kallon madubi sam. Ta ƙi shiga hoto. Ta daina zuwa biki da Islamiyya. Ta riƙa tsallake abinci, ko ta ci ta je ta amayar. Barci ya ƙaurace mata, karatu ya ja baya, abin da take so da duk ya fita ranta. Akwai ma wadda za ta sa niƙabi rana tsaka, gida a yi murna an samu ustaziya, alhali ƙunar fuska take ɓoyewa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata lalura da mutum zai riƙa ganin aibi a jikinsa wanda wasu ba sa gani ko kaɗan, tunanin ya hana shi sakat, kuma tana kama kusan mutum 2 cikin 100. Idan har ta fara cewa gara ma ta mutu ta huta, wallahi ba a ɗaukar wannan a shagwaɓa. A ranar ake neman taimako. Kada kuma a ɗauka mata kaɗai ne. Akwai samarin da gorin gajarta ko rama ko sanƙo ya hana su shiga mutane, akwai masu shafa man a ɓoye, sai dai namiji ya fi iya haɗiye abu har ya ci shi.

A nan muna da magana da wasu masu wa'azi. Idan aka tashi batun bilicin, abin da aka fi ji shi ne haramun ne, canza halitta ne, a ji tsoron Allah. Ba mu da ja a kan hukuncin, abin da ke cutar da jiki malamai ba su halatta shi ba. Amma a dubi inda maganar take sauka. A gida an gaya wa yarinya ita mummuna ce, ta zo wajen karatu an gaya mata ita mai saɓo ce. Ƙofa biyu an rufe, ina za ta? Shi kuwa wanda ya ce fara ko mayya ce yana sahun gaba yana gyaɗa kai, uwar angon da ta aika a nemo fara tana sahun mata tana cewa "Allah Ya shirya." Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa'azin da ya kama mai shafawa ya saki mai gori, rabin wa'azi ne.

Haka nan ba kowace damuwa ce aljani ko sammu ba. Addu'a makamin mumini ce, babu mai raba mu da ita, amma addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. A nan Abeokuta, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro, suna zaune tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo tana koyo a wurinsa. Asibitin koyarwa na UCH ga shi nan kusa da mu, akwai sashen fata, akwai sashen ƙwaƙwalwa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi mutunci da haƙƙin mai wannan lalura. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa awon jini ba ya nufin an kusa mutuwa. Malamin da aka kawo wa yarinya ya yi mata addu'a, sannan ya ce wa uban ya kai ta a duba ta, ya cika amana.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, saboda haka ga roƙonmu. Iyaye da kakanni, a ajiye laƙabin nan, a kira yaro da sunan da aka yanka masa rago. Uba ya buɗe baki ya gaya wa 'yarsa tana da kyau, kada ta fara jin kalmar a bakin wani ɗan iska a waya. Magidanta, jikin da ya ɗauki cikin 'ya'yanku ya cancanci godiya. Samari, ku san cewa abin da kuke faɗa a majalisa yana isa kunnen ƙannenku mata. 'Yan'uwanmu 'yan kasuwa, duk robar da ba ta da lambar NAFDAC, ko haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, ribarsa ba ta kai haƙƙin da ke bayansa ba. Masu hoto, ku bar amarya ta gane kanta. Malaman Islamiyya, ku sa ido a kan gori a aji kamar yadda kuke sa ido a kan hadda. Matasanmu masu rubutu da masu shirya bidiyo, ga aiki: a ba mu labarin baƙar yarinya 'yar Sabo mai Hausa da Yarabanci, wadda aka so ta a yadda take, ba tare da an nemo mata kaka daga Makka ba.

Ke kuma 'yarmu ko ƙanwarmu da kika riga kika shiga, ba mu zo don mu ƙara miki nauyi ba. Abu ɗaya za ki riƙe: idan kin daɗe kina shan ƙwayar ƙiba, kada ki yanke ta dare ɗaya, domin yin haka yana da haɗari ga rai. Likita ne zai rage miki ita sannu a hankali. Man ma haka, likitan fata ya san yadda ake janye shi da abin da za a shafa kafin fata ta dawo hayyacinta. Za a yi 'yan watanni ana surutu, sannan a gaji a kama wani zancen. Ado kuwa babu wanda ya hana. Ga lalle, ga kwalli, ga man kaɗanya, ga sabulun salo, ga turare. Da su iyayenmu mata suka yi zamaninsu, baƙaƙensu da jajayensu, aka yi ta zarya a ƙofar gidajensu, har aka haife mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ta jiki da ta zuciya. Ya tsare harsunanmu daga cutar da waɗanda aka ba mu amanarsu.